Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Ran 10 ga watan Afrilu na 1985 aka ɗaure mutum uku a turaku a Kirikiri ta Ikko, soja suka buɗe masu wuta. Laifinsu fataucin miyagun ƙwayoyi, an kuwa yanke masu hukuncin ne bisa Dokar Soja mai lamba 20 ta 1984, ta zamanin Manjo Janar Muhammadu Buhari, wadda har ta waiwaya baya ta hau kan laifin da aka aikata tun ba a kafa ta ba. A lokacin mutane da yawa sun zaci an yi maganin abin ke nan. To, amma ga shi shekara 40 ta wuce, an soke hukuncin kisan tun zamanin Janar Babangida, an kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, watau NDLEA, a 1989, duk da haka a kai a kai ake jin hukumar ta cafke wani a filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe na Abuja, wa imma ƙwaya a cikin jakarsa, wa imma a cikin cikinsa.

Dalilin da ya sa harsashi bai kashe wannan fatauci ba a fili yake. Wanda ake kamawa ɗan dako ne. Mai kayan yana can gidansa bisa kujera, ko fasfo bai taɓa ba balle jaka. In aka kama ɗan dako yau, gobe ya nemi wani, domin kuwa a ƙasar da samari ke kwana da yunwa ɗan dako ba ya wuyar samu.

'Yan dakon nan iri uku ne, ya kamata mai karatu ya rarrabe su. Na farko shi ne wanda ya san abin da ya ɗauka. Akan ƙulla hodar ibilis a cikin roba, ƙulli ƙulli kamar girman ɗan yatsa, mutum ya yi ta haɗiya har ƙulli 50 ko 100, sa'an nan ya hau jirgi daga Barazil, ya biyo ta Adis Ababa ko Doha, ba ci ba sha na kirki, don kada cikinsa ya motsa. In ƙulli ɗaya tak ya fashe a hanji, gubar da za ta shiga jininsa ta isa ta kashe shi tun jirgi bai sauka ba. In kuwa ya sauka lafiya, na'urar haska jiki tana jiransa, a tsare shi a ɗaki a sa masa ido har ya kasayar da kayan gaban shaidu. Ladan da aka yi masa alkawari bai kai ko kusa da kuɗin abin da ke cikinsa ba, sau da yawa ma ba ya ganin ladan.

Na biyu shi ne wanda aka ba saƙo bai buɗe ba. A 2004 aka kama wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 18, Iwuchukwu Amara Tochi, a filin jirgin saman Singafo da ƙulle-ƙullen hiroyin. Ya ce neman kulob ɗin ƙwallon ƙafa ya fitar da shi, wani ne ya ba shi kayan ya ce maganin gargajiya ne za a kai wa marar lafiya. Shugaba Obasanjo ya roƙa masa afuwa, ba a ji ba, a watan Janairu na 2007 aka rataye shi.

Na uku shi ne abin tausayi ƙwarai, watau wanda ko ganin jakar bai taɓa yi ba. A watan Disamba na 2018 wata ɗaliba ta tashi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa Umra tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta. Tana masauki a Madina aka zo aka kama ta, wai an sami jaka mai sunanta cike da taramadol. Sai da bincike ya tona cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgin suka liƙa lambar kayanta a jakar da ba tata ba, sa'an nan aka sake ta a ƙarshen Afrilu na 2019, bayan wata huɗu a tsare. A farkon wannan wata na Afrilu kuwa Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa a kan wata 'yar Nijeriya saboda ƙwaya. Kowa sai ya auna tazarar da ke tsakanin ɗalibar nan da takobi. Abin takaici, a watan Agusta na 2025 aka sake yin irin wannan ta'asa a filin jirgin nan, aka tsare masu Umra uku a Jidda har makonni kafin gaskiya ta fito.

Kada ɗan Arewa mazaunin Kurmi ya ce wannan zancen masu hawa jirgi ne. Sanin kowa ne zaman Sabo ta Badun, da Agege, da Idi-Araba, da Shagamu, da Fatakwal, a kan saƙo aka gina shi. Mai gadi ya ƙulla kuɗin wata ya ba direban da zai tafi Sakkwato, mai goro ya aika wa tsohuwarsa turmin atamfa ta hannun yaron mota, ba takarda ba shaida, sai amana. Wannan kyakkyawar al'ada ce miyagu suka mayar da ita hanyar safara. Motar da ta sauke shanu ko albasa a Kurmi ba ta son komawa wayam, sai wani mai fara'a ya zo da katan biyar, ya ce maganin zazzaɓi ne ko kayan gyaran babur, ya biya kuɗin mota har da na goro. A kan hanyar Lakwaja zuwa Abaji da Gwagwalada, inda jami'an hukumar suka saba tare motoci, sai a farke katan a ga taramadol mai ƙarfin 225, alhali abin da hukumar NAFDAC ta yarda da shi bai wuce mai 50 da mai 100 ba. Mai fara'a ya kashe wayarsa. Direba da yaronsa su ne za su tsaya gaban alƙalin Babbar Kotun Tarayya, inda dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai safara, da shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da ƙwaya yana sane. Faɗin "ban sani ba" abu ne mai sauƙi, tabbatar da shi gaban kotu shi ne aiki, musamman ga talakan da ba shi da lauya.

Shi kuma direban da ya sani ya runtse ido saboda kuɗin goro, sai ya tambayi kansa gidan wa kayan za su. Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shan ƙwaya a Nijeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su taramadol da kodin suke sha, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. A Sabon Gari ta Kano da Tudun Wada ta Zariya za a sauke katan ɗin nan, ƙannensa da 'ya'yan maƙwabtansa ne za su saya.

A watan Mayu na 2024 Majalisar Dattawa a Abuja ta amince da a dawo da hukuncin kisa kan masu fataucin ƙwaya, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai. Ba shakka fushin 'yan majalisa yana da dalili, amma Kirikiri ta riga ta ba da amsa tun 1985. Tsananin hukunci a kan ɗan dako yake sauka, gaggawar shari'a ma haka. A 2022, a shari'ar nan ta hodar ibilis da ta haɗa da manyan jami'an 'yan sanda, 'yan dako biyu da aka kama a filin jirgin Inugu sun amsa laifi, cikin 'yan watanni kotun Abuja ta ɗaure su, ita kuwa shari'ar manyan ta ci shekaru. Abin da zai karya fataucin shi ne a bi sawun kuɗi har gidan mai kaya. Hukumar ta nuna za ta iya, domin a watan Satumba na 2022, a ƙarƙashin Janar Buba Marwa, ta fasa wani sito a Ikorodu ta kwashe hodar ibilis fiye da kilo 1,800 a tashi guda, abin da 'yan haɗiya sama da dubu ba za su ɗauka ba. Tilas ne kuma Gwamnatin Tarayya ta sa ido a kan masu liƙa lambar kaya a filayen jirage, ta tabbatar ba jakar da za ta shiga jirgi da sunan mutum sai a gaban idonsa, ofisoshin jakadancinta kuma su riƙa isa wurin ɗan ƙasa tun ranar da aka kama shi, ba sai iyayensa sun yi kuka a rediyo ba.

Sauran aikin na zango ne, ba sai an jira Abuja ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin tasha da limaman Juma'a na garuruwan Kurmi suna da ikon kafa ƙa'ida guda: duk saƙon da zai shiga mota a buɗe shi gaban ɗan kamasho, a rubuta sunan mai aikawa da na mai karɓa da lambar wayarsu a littafin tasha. Mai zuwa Hajji ko Umra ya haɗa kayansa da hannunsa, ya ƙirga takardun lambar kayan da aka ba shi kafin ya bar wurin awo, kada ya karɓi ƙullin kowa, ko da an ce kuka ce da daddawa za a kai wa wata 'yar'uwa a Makka. Abin da ke hana mutane yin haka kunya ce, wai kada a ce sun zargi ɗan'uwa. To, mai gaskiya ba ya jin haushin a buɗe kayansa, wanda ya ji haushi kuwa ya riga ya faɗi abin da ke ciki. In ƙa'ida ta zama ta kowa da kowa, daga attajiri har mai gadi, ba wanda zai ce shi aka ware.

Akwai mata da yawa a ƙauyukan Katsina da Zamfara da ke jiran aiken ƙarshen wata daga mazan da ke Kirikiri ko Kuje saboda katan ɗin da ba su buɗe ba. Allah Ya kiyaye matafiya, Ya tona asirin masu kayan, amin.