Alamar da ba a gane ta da kallo ɗaya ba alama ba ce

A ƙasan allon kwamfuta, can gefen dama kusa da agogo, akwai jerin ƙananan alamomi da yawancinmu ba ma waiwayarsu sai ranar da aiki ya ɓata. Nan ne mazaunin manhajojin da ke kwasar fayilolinmu suna kai su ma'ajiyar intanet, irin su OneDrive da Dropbox da Google Drive da iCloud. A asali faɗin kowace alama ɗigo 16 ne, tsayinta ma haka. Amma wannan ɗan mitsitsin wuri shi ke shaida wa mutum ko takardar da ya kwana yana rubutawa ta isa ma'ajiya, ko tana hanya, ko ta maƙale. Ra'ayin da ya yi kane-kane tsakanin masu tsara fuskar kwamfuta a yau shi ne wai alamomin nan sun fi kyau idan an wanke musu launi, an sassaƙe su sun zama bai ɗaya, sun yi lamo ba sa jan ido. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma mai amfani da kwamfutar ne ke kwana a ciki.

Ba haka aka faro ba. Lokacin da Susan Kare ta zana alamomin kwamfutar Macintosh ta farko, wadda ta fito a 1984, baƙi da fari kawai take da su. Duk da haka kwandon shara ya fito a kwandon shara, agogo ya fito a agogo, domin ta san siffa ce ido ke fara kamawa. Guguwar sassaƙar ta taso ne da Windows 8 a 2012, sannan iOS 7 na kamfanin Apple a 2013, inda aka daddanne komai ya zama shafal. A 2020 macOS Big Sur ya tura alamomin manhajoji cikin murabba'i ɗaya mai lanƙwasassun kusurwoyi. A saman allon Mac kuwa, ƙa'idar Apple ta fi son alamomi marasa launi, baƙaƙe ko farare, gwargwadon hasken bangon. A 2025 kamfanin ya ƙara da zaɓin mayar da alamomi garai-garai kamar gilashi.

A watan Oktoba na 2020 Google ya yi nasa. Ya ɗauki Gmail da Drive da Calendar da Meet ya shafe su da launuka huɗu iri ɗaya: shuɗi, ja, rawaya da kore. Farin ambulan mai jan baki da duniya ta san Gmail da shi ya tafi. Koke ya yi yawa har wasu suka ƙirƙiro 'yan manhajojin da ke dawo da tsofaffin alamomin a burauza. Abin da kamfanin ya samu shi ne duk wanda ya kalli allo zai ce waɗannan 'ya'yan gida ɗaya ne. Amma mai aiki ba asalin gidan yake tambaya ba. Wasiƙunsa yake nema, ko jadawalin taronsa, kuma kama da wane ba ta wane.

A fannin ma'ajiyar intanet abin ya fi muni, domin yawancinsu hoto ɗaya suka runguma, wato gajimare. OneDrive gajimare ne, iCloud gajimare ne, pCloud da ownCloud haka, tsohuwar manhajar Google mai suna Backup and Sync ita ma gajimare ce da kibiya a ciki. Launi ne kaɗai ya rage yana raba su, sai kuma aka zo aka ce a cire launin. Tamkar uwargida ce ta zuba gishiri da sukari da garin kanwa a gwangwanaye iri ɗaya, ta goge sunayen, don kantar kicin ta yi kyawun gani.

Dubi OneDrive a Windows. Mai asusu biyu zai ga gajimare biyu kusa da agogo: fari na asusun kansa, shuɗi na wurin aiki ko makaranta. A cikin jaka kuma, tun da aka kawo tsarin sauke fayil sai an buƙace shi a 2017, gajimare mai shuɗin layi yana nufin fayil ɗin ba ya cikin kwamfutarka, sunansa kawai kake gani. Farar da'ira mai koren maki tana nufin an sauke shi, amma ana iya mayar da shi sama idan wuri ya ƙure. Koriyar da'ira mai farin maki ita ce ke nufin yana nan daram. Waɗannan bambance-bambance uku su ne tsakanin samun takardarka da rasa ta a inda babu intanet, amma biyun ƙarshe sai an ƙura ido kafin a raba su.

Wanda ke zaune inda intanet ba ta yankewa zai ɗauki wannan ƙaramin abu. Ga ɗalibar da ta isa zauren kare kundin bincikenta a Zariya ko Yamai, ta buɗe kwamfuta ta tarar babin ƙarshe yana sama, data ta ƙare, sabis ya ɗauke, ba ƙaramin abu ba ne. Haka ma ma'aikacin da ya goge jaka yana zaton daga kwamfutarsa kaɗai ya cire ta, bai lura tana ɗaure da ma'ajiya ba, gogewar ta bi ta ko'ina. A Google Drive kwana 30 kwandon shara ke riƙe abin da aka jefa, daga nan sai labari.

Akwai kuma wata rigima da ke ɓoye. Windows ba ya nuna fiye da nau'i 15 na 'yan tambarin da ake liƙawa a jikin fayil don bayyana halinsa, kuma shi kansa yana riƙe wasu guraben. Bisa jerin haruffa yake zaɓen waɗanda za su shiga. Sai kamfanoni suka shiga sa fili a gaban sunayen tambarinsu a rajistar Windows don su haye saman layi, wannan ya sa fili ɗaya, wancan ya sa biyu ko uku. Wanda ya girka manhajoji da yawa sai ya wayi gari koren makin ɗaya daga cikinsu ya ɓace, ba tare da an gaya masa dalili ba. Ga inda ƙarfin kamfanonin ya tafi: kokawar wa zai fito, maimakon haɗa kai kan abin da mai kwamfuta zai fahimta.

Masu kare wannan salo suna da hujjoji, kuma ya kamata a amsa musu. Na farko, sun ce launuka barkatai suna raba hankali. Gaskiya ne allo mai hayaniya yana gajiyar da ido. To amma maganin hayaniya shi ne rage yawan alamomi, a bar mutum ya zaɓi waɗanda zai gani. Alamar da aikinta gargaɗi ne dole ta ja ido, kuma wadda aka hana ta yin haka an kashe amfaninta. Na biyu, sun ce mutane za su saba. Sabo yana kama abin da ke da kamanni nasa na daban. Gajimare huɗu masu ruwan toka, kowane da ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, ko shekara aka yi ana kallonsu sai an tsaya an tantance. Na uku, sun ce ai sai a ɗora linzami a kai, suna zai fito. Idan sai an bi alamomi ɗaya bayan ɗaya ana karanta sunayensu, to don me aka zana su?

Kada kuma a ɗauka dawo da launi kaɗai ya wadatar. A cikin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan namiji 1 cikin 12 yana da matsalar bambance launi, galibi ja da kore, kuma babu al'ummar da ba ta da masu wannan lalura. Ja da kore kuwa su ne manhajojin nan ke amfani da su wajen raba "an gama" da "an samu matsala". Shi ya sa ƙa'idojin WCAG, waɗanda aka tsara don sauƙaƙa wa masu lalura amfani da intanet, suka hana dogaro da launi shi kaɗai wajen isar da saƙo. Haka abin yake ga dattijo mai raunin gani, da mai tsohon allo da haskensa ya dushe.

Gyaran ba ya buƙatar wata sabuwar fasaha. Kowace manhaja ta riƙe siffar da ko inuwarta aka gani za a gane ta, kamar yadda buɗaɗɗen akwatin Dropbox da alwatikar Google Drive da da'irori uku na Nextcloud suka nuna ana iyawa. Kamfanoni su daidaita kan alamomin hali guda huɗu, wato an gama, ana kan aiki, an dakata, an samu matsala, kowanne da siffarsa da launinsa, ma'anarsu ɗaya a kowace manhaja. Alamar matsala kada ta taɓa ɓuya a bayan 'yar kibiyar da Windows ke tara ragowar alamomi. Inda asarar aiki za ta iya faruwa, a rubuta da kalmomi: wannan fayil ba ya cikin kwamfutarka. Mai son allo marar launi a ba shi zaɓi, amma kada a mai da son ransa dokar kowa.

Kafin kamfanoni su ji kira, jawo alamar ma'ajiyarka daga bayan kibiyar nan ka ajiye ta kusa da agogo, ka umarci manhajar ta bar muhimman jakunkunanka a cikin kwamfuta dindindin, ka kuma riƙe kwafi na daban a filashi. Masu zane kuma su gwada aikinsu a kan tsohuwar kwamfuta, a gaban mutumin da bai taɓa ganinsa ba. Idan ya kasa faɗin wace manhaja ce da halin da take ciki a kallo ɗaya, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, sai a koma a sake zane.