Daga karkara: Kieshe da rijiyar tarihinta

A wannan mako alƙalaminmu ya yada zango a Kieshe, garin da ke kudu da Dogon Dutsi, cikin kwarin Dallol Mawri, a ƙasar Arewa.

Baƙon da ya ratsa yankin, gero da wake da tuddan jan dutse kaɗai zai gani. Alhali kwarin nan tsohon kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da, ya bar ruwa kusa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa rijiyarsa ba ta kai zurfin ta kan tudu ba, shi ya sa kuma kakanni suka kafa garuruwa a cikinsa. Gubawa ake ɗauka ƴan ƙasa na farko, cibiyoyinsu Lugu da Bagaji. Arawa kuwa, masu danganta asalinsu da Barno, su suka riƙe sarauta. A Lugu ne Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine cikin watan Afrilu na 1899. Marigayi Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi silima a 1986.

Lugu ke nan ta samu marubuta. To, Kieshe da ƙauyukanta fa? Wa ya fara gina rijiya? Wa ya sari dajin da ya zama gona? Ina burtali ya bi kafin a matse shi? Yawancin amsoshin nan suna cikin kawunan dattawa, dattawan kuwa kullum raguwa suke yi.

Kada wani ya ce wannan zancen ƴan boko ne. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gona ta hanyar gargajiya, ta kuma tanadi kwamitocin ƙasa da ake kira Cofo. Amma gargajiya sai da shaida. In gida biyu suka yi jayayya kan iyaka, maigari dattawa yake kira, su nuna gawo ko tsamiyar da kakanni suka yi alama da ita. Ran da babu mai nunawa, sai rantsuwa, sai jeka-ka-dawo a gidan shari'a, sai zumunci ya tsinke. Ga shi jama'a na ƙaruwa, gonaki na tsukewa.

Bayan da dokar 2002 ta kafa komin-komin, aka zaɓi kansiloli a 2004, Kieshe ta samu majalisa tata a lokacin. Muna kira ga hukumomin komin da masu sarauta da malaman lakwal su haɗa kai: a lokacin babban hutu, a tura ƴan makaranta unguwa-unguwa su ɗauki muryoyin tsofaffi, maza da mata, da wayar salula. A rubuta da Hausa, a ajiye a ofishin komin, a aika wani kwafi Yamai, inda cibiyoyin IRSH da CELHTO suka daɗe suna adana tarihin baka. Aikin ba ya jiran kuɗin wani furoje daga waje.

Dattawan Kieshe ba su taɓa rowar labari ba. Mu ne ba mu zauna mun tambaya ba. Kada a wayi gari a ce rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.