Ketamin, Banjun Da Ya Zama Maganin Baƙin Ciki: Nasiha Ga Malamai Da Fatake

Akwai wani ciwo wanda ba ya kumburi, ba ya zub da jini, ba ya kawo zazzaɓi, amma ya kan kayar da ƙaƙƙarfan mutum, ya raba shi da kasuwarsa da karatunsa da iyalinsa. Sai a ga falke wanda a da shi ne farkon buɗe rumfa, yanzu hantsi ya kan same shi a ɗaka ya juya fuska bango. Abinci ba ya yi masa daɗi, barci ya ƙaurace masa, yana ganin kansa ba shi da sauran amfani, har wani ya kai ga fatan mutuwa. Likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa, ko ciwon baƙin ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa masu fama da shi sun kai mutum miliyan 280, kuma fiye da mutum 700,000 su ke kashe kansu kowace shekara.

A ƙasar Hausa, in irin wannan ya sami mutum, zauren malam a ke fara zuwa kafin a tuna da asibiti. Saboda haka ya wajaba malamai su san abin da likitoci suka gano game da shi. Ya kuma wajaba fatake su sani, domin ta hannunsu magunguna su ke shiga gari. Maganar a yau a kan wani magani ce mai suna ketamin, wanda labarinsa ya bazu a ƙasashen Turawa. Taƙaitaccen hukuncinsa shi ne: magani ne na gaskiya a hannun likita, guba ne a kan teburin kasuwa.

Tun da farko, kada wani ya ce wannan ciwo ƙirƙirar Turawa ce. Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 ta Hijira, ya yi bayaninsa cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus. Ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da a ka san sababinsa, kamar rasuwar masoyi ko asarar dukiya, da wanda ya ke auka wa mutum ba tare da wani sababi na zahiri ba. Na biyun ya danganta shi ga jiki, ya ce yana bukatar magani irin na jiki. To, abin da ya faɗa shekara dubu da suka wuce, shi ne likitocin yau su ke bin diddiginsa cikin ƙwaƙwalwa.

Asalin ketamin kuwa banju ne, watau maganin sa barci don a yi wa mutum fiɗa. Wani masanin haɗa magunguna, Calvin Stevens, shi ya haɗa shi a 1962 domin kamfanin Parke-Davis na birnin Ditroit a Amurka. A 1964 a ka fara gwada shi a jikin mutane, a 1970 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi, har a ka yi wa sojojin da suka ji rauni a yaƙin Biyetnam aiki da shi. Falalarsa a kan sauran banju ita ce ba ya cika danne numfashi, ba ya kuma kayar da ƙarfin jini. Don haka likitan ƙauye, inda babu lantarki babu injin numfashi, yana iya fiɗa da shi ya ciro jariri daga cikin mace mai doguwar naƙuda. Tun 1985 yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba. Likitocin dabbobi ma suna aiki da shi.

Shekara talatin a na ɗaukarsa banju kawai. Sai a shekara ta 2000 waɗansu likitoci na jami'ar Yale, cikinsu akwai Robert Berman da John Krystal, suka ba da labarin gwajin da suka yi wa mutum bakwai masu ciwon baƙin ciki. Sun ba su ɗan kaɗan ta jijiya, wanda bai kai na sa barci ba: rabin miligiram a kan kowane kilo na nauyin mutum, yana ɗiga a hankali har minti 40. Cikin sa'o'i kaɗan nauyin zuciyarsu ya fara raguwa. A 2006 Carlos Zarate da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka suka maimaita gwajin a kan waɗanda sauran magunguna suka gagara warkarwa. Daga cikin mutum 17, mutum 12 sun sami sauƙi bayyananne bayan kwana ɗaya.

Abin da ya girgiza likitoci shi ne saurin. Ƙwayoyin da a ka saba bayarwa su kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsu, kuma wajen sulusin marasa lafiya ba sa warkewa ko an canja musu iri bayan iri. Wanda kuwa zuciyarsa ta ke raya masa ya kashe kansa yau da dare, mako shida a wurinsa tafiya ce mai nisa.

To, ƙaƙa ya ke aiki? Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kowace tana haɗe da dubban 'yan'uwanta. Mai karatu ya ƙaddara su kamar garuruwan kasuwa ne, mahaɗarsu kuwa hanyoyi ne da ƙofofi. Saƙo ba ya tsallakawa daga wata ƙwaya zuwa wata sai ta hannun waɗansu sinadarai, su ne 'yan aike. Mafi yawan zirga-zirga cikinsu shi ne wanda a ke kira gulutamet, kuma yana da ƙofofin da ya ke shiga, manyansu biyu: NMDA da AMPA. Akwai kuma waɗansu ƙwayoyi masu aikin dogarai, su ne masu tsawatawa kada zirga-zirgar ta wuce kima.

Masu bincike sun ga cewa damuwa mai tsawo ta kan rage waɗannan mahaɗai a goshin ƙwaƙwalwa, inda tunani da shawara su ke, da kuma sashen da ke riƙe tunawa. Kamar hanyar fatake ce da a ka daina bi, ciyawa ta cinye ta, kasuwa ta mutu. Bayanin da ya fi rinjaye wurin masana shi ne, ketamin yana toshe ƙofar NMDA, musamman a jikin dogaran nan, sai su yi shiru na ɗan lokaci. Da sun yi shiru sai gulutamet ya kwararo, ya bubbuga ƙofar AMPA, wannan kuma ya sa ƙwaƙwalwa ta fitar da wani sinadari mai suna BDNF, wanda ya ke wa jijiyoyi abin da taki ya ke wa shuka. A 2010 Ronald Duman da mutanensa a Yale suka nuna a jikin ɓeraye cewa sababbin mahaɗai su kan tsiro cikin kwana ɗaya bayan an ba su maganin. Shi maganin kansa ba ya daɗewa a jini, amma hanyoyin da ya share su kan zauna kwanaki. Wannan ne ya sa sauƙin ya ke wuce zaman maganin a jiki.

A watan Maris na 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wani reshensa mai suna esketamin, wanda a ke fesawa a hanci, sunansa na kasuwa Spravato, domin waɗanda magani iri biyu ya gagara. Amma ta gindaya sharaɗi: ba a ba mutum ya kai gida, sai a asibitin da a ka amince da shi, ya zauna a gaban ma'aikata sa'a biyu a ƙalla. A 2023 a ka bayyana sakamakon wani babban gwaji a Amurka mai mutum 403, inda a ka gwada ketamin da tsohon maganin nan na jona lantarki a kai. Kashi 55 cikin ɗari na masu ketamin sun sami sauƙi, na masu lantarki kashi 41.

Sai dai zuma ce, ga zaƙi ga harbi, kuma adalci shi ne a auna da mudu ɗaya. Na farko, sauƙinsa ba ya daɗewa. Cikin mutanen Zarate 17, shida kaɗai sauƙin ya kai musu mako guda. Don haka a kan maimaita allurar sau shida ko makamancin haka cikin mako biyu zuwa uku, duk da haka da yawa ciwon ya kan dawo musu in an tsaya. Na biyu, akwai saɓani tsakanin masana. A jami'ar Stanford a 2023 an ba mutum 40 ko dai ketamin ko ruwan gishiri suna cikin barcin fiɗa, don kada kowa ya san abin da ya samu, sai duka ɓangarorin biyu suka sami sauƙi kusan daidai. Wannan ya nuna kyautata zato da sa rai suna da rabo babba cikin waraka. A Ingila kuma, hukumar da ke auna amfanin magani da tsadarsa ta ƙi amincewa a riƙa ba da esketamin a asibitocin gwamnati a 2022.

Na uku, yana da illa. Sa'ad da ya ke aiki mutum ya kan ji kamar ya rabu da jikinsa, ya ga abin da babu shi, jininsa ya hau, zuciyarsa ta tashi. Ba a ba mai hawan jinin da bai kwanta ba, ba a ba mai ciki don wannan ciwo. Mai taɓin hankali irin na jin muryoyi da gane-gane kuwa, ketamin na iya ƙara masa ciwo. Malamai su riƙe wannan da kyau, baƙin ciki daban, hauka daban. Wanda ya mai da shi abin sha kullum, jiki ya kan saba har ya kasa bari, tunaninsa ya raunana, mafitsararsa ta ƙuje ta tsuke har ya riƙa fitsarin jini, waɗansu ma sai an yanke musu ita. Likitocin Kanada da Hongkong sun ba da labarin wannan tun 2007. Ga kuma abin da ya sami ɗan wasan kwaikwayon Amurka, Matthew Perry, wanda ya fara karɓarsa a hannun likita, daga baya ya koma saye ta bayan fage. A watan Oktoba na 2023 a ka same shi matacce cikin kwamin wanka a gidansa, bincike ya ce ƙarfin ketamin ne sababi. An gurfanar da mutum biyar, biyu daga cikinsu likitoci ne.

Malami zai tambaya: abin da ke gusar da hankali, ina halaccinsa? Malaman Malikiyya sun riga sun share wannan fage. Imam al-Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 ta Hijira, ya kasa masu taɓa hankali kashi uku cikin littafinsa al-Furuƙ: muskir, mai sa maye tare da nishaɗi kamar giya, mufsid, mai rikita hankali ba tare da nishaɗi ba, da murƙid, mai ɗauke ji da gani gaba ɗaya. Sun kuma halatta a shayar da mutum murƙid don a yanke masa gaɓa in lalura ta kama. Ketamin a ɗakin fiɗa murƙid ne ba shakka. Wanda kuma likita masani ya auna wa mai ciwon da ya gagari sauran magani, a kan lalura ya ke tsaye. Amma wanda ya sha don ya ji ya tashi sama, wannan ya gusar da hankalinsa da gangan, babu lalura babu uzuri, kuma kiyaye hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsare su.

Saboda haka nasiha ga malamai ita ce, in an kawo musu mai irin alamun da a ka ambata, kada su ce masa raunin imani ne, domin ba a ce wa mai karaya haka. Su yi masa addu'a, su kwantar masa da rai, sa'an nan su umarci danginsa su kai shi ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau ta Kano. In ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a kwana ba a tafi ba. Kada kuma dangi su je suna neman ketamin da suna. Mafi yawan masu wannan ciwo ƙwayoyin da a ka saba da su da zama da mai ba da shawara sun ishe su. Likita ne zai san wanda ya kai ga bukatar wani abu bayan wannan.

Nasiha ga fatake kuwa ta fi nauyi. Kowa ya ga yadda tiramadol da kodin suka shigo da sunan magani suka ƙare a aljihun samari da ɗakunan matan aure, har gwamnatin Nijeriya ta hana yin ruwan tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A 2015 ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ketamin takunkumi saboda yawan masu shansa a can. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi goyon baya, ta ce hakan zai hana talakawan ƙasashe banjun fiɗa, a ka jingine maganar. To, duk kwalbar da ta fita daga asibiti ta shiga kasuwa, hujja ce a hannun masu neman takunkumi. Ranar da a ka ƙulle shi, ba ɗan maye ne zai fara jin jiki ba. Matar ƙauye ce mai naƙuda, da yaron da mota ta buge, waɗanda likita zai tsaya a kansu hannu wofi. Falken da a ka yi wa tayin wannan haja ya auna ribarsa da wannan, ya mayar da ita inda ta fito, ya kuma sanar da hukuma.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya tsare hankulan zuriya. Allah ne mafi sani.