Sharhi: Wa zai zama fatoman matasa masu zane a Nijar?

A watan Oktoban 2024 ne hukumomin Nijar suka sauya sunan cibiyar al'adun nan ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar da ke Yamai, daga Jean Rouch ta koma Moustapha Alassane. An yi ta muhawara a kan sunan, amma tambayar da ta fi shafar matasa masu zane ba ta samu wanda ya tsaya a kanta ba. Tun shekarun 1960 wannan cibiya, da reshenta na Damagaram daga baya, na cikin wurare ƙalilan da mai zane zai rataya aikinsa jama'a su gani. Masu saye kuwa galibinsu baƙi ne: ma'aikatan ofisoshin jakadanci, na ƙungiyoyin agaji, da ƴan yawon buɗe ido. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da yawansu sun tattara ya-nasu ya-nasu, a watan Satumban shekarar kuma gwamnatin Faransa ta umurci cibiyoyin al'adunta da su dakatar da hulɗa da masu fasahar Nijar, Mali da Burkina Faso. Ƙasar da ta ce za ta tsaya da ƙafafunta a fannin al'adu, wajibi ne ta faɗi wanda zai ɗauki aikin da waɗancan suka ajiye, ta kuma fahimci cewa aikin ya wuce bai wa yaro bango na mako biyu.

A ƙasashen da harkar zane ta zama sana'a mai ciyar da mutum, akwai gidajen baje koli masu zaman kansu, waɗanda ƴan harkar ke kira galeri. Bahaushen da ya san fatauci ba ya buƙatar dogon bayani a kansu, domin aikinsu shi ne na fatoma. Falken da ya kawo goro ko shanu garin da ba shi da kowa, fatoma ne ke saukar da shi, ya adana masa kaya, ya nemo masu saye na ƙwarai, ya tsaya masa idan an ɗauki bashi, sannan ya cire la'adarsa. Galeri na kirki haka take yi wa mai zane. Ita ke biyan kuɗin hayar zaure da wuta, ta ɗauki hotunan ayyukan da kyau, ta buga littafin baje koli, ta biya kuɗin jigila da inshora, ta kama rumfa a manyan kasuwannin zane na ƙetare inda kuɗin rumfar kaɗai ya fi ƙarfin matashi. Idan an sayar, bisa al'adar da ta fi yaɗuwa a duniya, ana rabawa biyu ne, rabi na mai zane, rabi na galeri. Wanda ya ji wannan rabo a karon farko yakan ce zalunci ne. Yakan zama zalunci kuwa, idan galerin ba ta yi komai ba sai buga ƙusa a bango.

Abin da ke halatta wannan rabi shi ne renon da ba a gani a ranar buɗe baje koli. Mai galeri na zuwa ɗakin aikin matashi ya zauna, ya ce wannan ya nuna, wancan da saura, kada a fitar da shi bana. Yana ba da kuɗin fenti da ƙyalle kafin a sayar da ko ɗaya. Yana ajiye rajistar kowane zane: girmansa, shekararsa, wanda ya saya da nawa ya saya, domin ranar da jabu ya bayyana a kasuwa a san na gaskiya. Mafi muhimmanci, yana zaɓen wanda zai sayar wa, yana kuma ɗaga farashi sannu a hankali.

Dalilin wannan taka-tsantsan ya fito fili a labarin Amoako Boafo, ɗan ƙasar Gana da aka haifa a Akra a 1984, wanda ke zana fuskokin mutane da yatsunsa. Ya yi karatun zane a Akra, ya ƙara a Viyana ta Ostiriya, ya kuma daɗe ba a san shi ba, har sai da wani babban mai zane Ba'amurke, Kehinde Wiley, ya ga aikinsa a Instagram a 2018 ya haɗa shi da wata galeri a Los Angeles. Kafin a ce me, masu kuɗi sun yi masa caa. Wani dillali ya sayi zanensa guda a kan dalar Amurka 22,500, kimanin miliyan 13 na sefa, bayan ƴan watanni ya kai shi gwanjo a kamfanin Phillips na Landan. A watan Fabrairun 2020 aka sayar da shi a kan fam 675,000, wato sama da miliyan 500 na sefa. Ribar ta faɗa aljihun dillalin. Kafafen labarai da dama sun kawo abin a matsayin nasarar Afirka, alhali shi Boafo ya fito ya nuna ɓacin ransa, kuma yana da hujja. Farashin da ya yi irin wannan tsalle yakan kori gidajen tarihi da masu saye don ajiya, ya bar ƴan kwana-kwana da ke saye yau su sayar gobe. Ranar da suka juya ga wani sabon suna, sai farashi ya rikito, matashi ya zauna da tambarin wanda kasuwarsa ta mutu tun bai kai shekara arba'in ba. Hakan ya faru da matasa da dama bayan da kasuwar ta yi sanyi daga 2023. Boafo ya tsira saboda ya samu galerin da suka riƙe shi da kyau, kuma a ƙarshen 2022 ya buɗe wani gida a Akra mai suna dot.ateliers, inda matasa ke samun ɗakin aiki da masu duba musu.

A Legas, Adenrele Sonariwo, wadda asalin karatunta na lissafin kuɗi ne, ta buɗe galerin Rele a 2015, shekara guda bayan haka ta fara shirin da ke zaɓo matasa ƴan kaɗan duk shekara, a ba su tallafin kayan aiki da horo, a ƙarshe a baje kolin ayyukansu tare. Marcellina Akpojotor, mai haɗa hotunan mata da guntayen atamfar da teloli ke zubarwa, ta nan ta bi kafin sunanta ya kai ƙetare. Ba sadaka ba ce zalla, kuma babu laifi a hakan: galerin na renon waɗanda take fatan cin moriyarsu nan gaba, kamar yadda baduku a Damagaram ko maƙeri a Agadas ke koya wa yaro sana'a yana amfana da hannunsa kafin ya sallame shi.

Sai dai misalin da ya fi dacewa a yi nazarinsa a Maraɗi da Tawa yana Tamale ne, a arewacin Gana, garin da ƴan ci-rani da direbobin manyan motoci na Nijar suka sani sarai a hanyar Kumasi. Tamale na nesa da teku, nesa da ofisoshin jakadanci, kuma ba ta da attajiran da ke tara zane-zane. A can aka haifi Ibrahim Mahama a 1987. Abin da ya ɗaga sunansa tsofaffin buhunan algarara ne, waɗanda ake shigowa da su daga Asiya don zuba koko, daga baya su koma hannun masu gawayi da hatsi. Yakan ɗinke ɗaruruwansu ya lulluɓe manyan gine-gine da su, kuma a 2015 ya yi hakan a babban baje kolin Venis na Italiya. Da kuɗi suka fara shigowa ta hannun galerin da ke sayar da aikinsa a Turai, bai tare a Landan ba. A 2019 ya buɗe cibiyar fasahar zamani ta Savannah a Tamale, kuma baje kolin farko na wani dattijon mai zane ne, Kofi Dawson, wanda ya shafe shekaru yana aiki ba tare da an ba shi matsayin da ya dace ba. A 2020 ya buɗe Red Clay a bayan gari, inda ya jawo tsofaffin jiragen sama da taragon jirgin ƙasa ya mayar da su azuzuwan yara. Daga baya ya sayi wani rumbun siminti da aka yi watsi da shi tun zamanin Nkrumah ya mayar da shi wurin baje koli. Shiga kyauta ce, ƴan makaranta kuma na zuwa ayari-ayari.

A 2024, da aka gayyace shi ya lulluɓe wani ɓangare na ginin Barbican a Landan, ƙyallen mai faɗin kusan murabba'in mita 2,000 masaƙa da maɗinka na yankin Tamale ne suka yi shi da hannu, a filin ƙwallon garin, aka kuma ɗinka masa tsofaffin riguna saƙi kusan 100. Wato kuɗin aiki guda ya ratsa gidajen ɗaruruwan masu sana'ar hannu. Wannan ya isa amsa ga masu ganin zanen zamani shagalin Turawa ne. Ya kuma isa amsa ga iyayen da ke ɗari-ɗari da sana'ar saboda batun zana mai rai: buhu da saƙa Mahama ke aiki da su, Abdoulaye Konaté na Mali da ƙyalle da rini, kuma duk wanda ya ratsa unguwar Birni a Damagaram ya ga adon da magina suka yi wa bangaye ya san fagen na da faɗi.

Ba kowace galeri ce ke da wannan hali ba, kuma matashin da ya ɗoki ganin aikinsa a ƙetare shi ya fi sauƙin cuta. Akwai masu karɓar zane goma ba tare da ko takardar shaida ba, shekara ta zagayo babu zane babu kuɗi. Akwai masu ɗaure mutum da yarjejeniyar da ta hana shi sayarwa ko'ina, alhali su ba su sayar masa da komai ba. Akwai kuma illar da ta fi waɗannan ɓoyuwa, ta mai sayen da ke cewa a ƙara zana raƙumi da tudun rairayi tun da shi baƙi ke so. Shekarun da aka yi ana dogaro da baƙi sun sa hannaye masu kyau da dama sun ƙare a wannan maimaici. Tafiyar baƙin asara ce ga aljihu, amma ta buɗe damar a zana abin da mutanen Yamai da Maraɗi ke gani a rayuwarsu, in har an samu mai saye a cikinsu.

Nan ne maganar ta dawo gida. Nijar ba ta rasa tushe ba. Gidan tarihi na ƙasa na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, ya daɗe da rumfunan masu sana'ar hannu a harabarsa. Bikin FIMA da Alphadi ya fara a 1998 kusa da Agadas ya nuna cewa ana iya jawo idon duniya zuwa nan. Shi kansa Moustapha Alassane da aka sa wa cibiyar sunansa, da zane ya fara, kuma bai zama jagoran fim ɗin zane mai motsi a Afirka ba sai da Jean Rouch ya lura da hannunsa, aka buɗe masa hanyar zuwa Kanada wurin Norman McLaren. Wani ne ya riƙe hannunsa. Abin da ya yi ƙaranci yau shi ne mutanen da za su ɗauki matashi guda biyar su bi su shekara uku zuwa biyar, maimakon taron horo na kwana uku da ake rufewa da rabon takardar shaida da hoton rukuni.

Gwamnati ba za ta iya zama dillaliya ba, bai kuma kamata ta gwada ba, domin ranar da ma'aikata ta fara zaɓen wanda za a nuna aikinsa, masu yabo ne za su cika zauren. Abin da ke hannunta ya fi haka sauƙi. Tana da gine-ginen da ke kulle a manyan garuruwa, waɗanda za a iya bai wa ƙungiyoyin masu zane haya mai rahusa na shekaru, su zama ɗakunan aiki. Tana iya sassauta kuɗin kwastan a kan fenti, buroshi da ƙyallen zane, waɗanda dama shigo da su ake yi, kuma rufe iyakar Benin ya ƙara musu tsada. Tana iya ware wani ɗan kaso daga kuɗin kowane sabon ginin gwamnati don sayen aikin ƴan ƙasa. Nijar mamba ce a ƙungiyar OAPI, wadda yarjejeniyarta ta Bangui ta amince da haƙƙin mai zane na samun kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa. Ofishin kare haƙƙin mallaka na BNDA, wanda aka fi sani da harkar mawaƙa, ya kamata ya wayar da kan masu zane a kan wannan haƙƙi, ya kuma fitar da samfurin yarjejeniya cikin Faransanci da Hausa da Zabarmanci.

Sauran aikin na masu hannu da shuni ne. Alhazan Maraɗi da ke gina otel da manyan shaguna, bankuna da kamfanonin waya da ke ƙawata ofisoshinsu da hotunan roba daga Dubai, su ne kasuwar da babu ita. Ƴan Nijar mazauna Akra, Kumasi, Legas, Abijan, Faransa, Beljiyam da Amurka na da rawar da ta fi ta kowa sauƙi, tun da suna zaune kusa da galerin da ake magana a kansu. Wanda ke Akra na iya shiga Gallery 1957, wadda aka buɗe a 2016, ya ga yadda ake rataya aiki da yadda ake rubuta farashi, ya tambayi yadda ake neman gurbin zaman horo, ya tura wa ƙaninsa da ke Yamai. Wanda ya ga zanen da ya burge shi a Facebook ko Instagram ya saya kai tsaye, ya biya cikakken kuɗi ba tare da neman ragin ƴan uwantaka ba, ya kuma nemi takardar shaida mai sa hannun mai aikin.

Shi kuma matashin da wata galeri ta Dakar, Abijan ko Legas ta tuntuɓa, kafin zane ko ɗaya ya bar hannunsa, a rubuta a takarda adadin ayyukan da aka ɗauka da hoton kowanne, farashin da aka amince, kason kowane ɓangare, wanda zai biya jigila da inshora, kwana nawa bayan ciniki za a biya shi, ranar da za a maido abin da ba a sayar ba, da kuma ƙasashen da yarjejeniyar ta shafa. Galerin da ta ƙi sa hannu a kan waɗannan, kada a ba ta kaya.