Ra'ayinmu: Dogon Hutu Ya Zo, A Bar Yara Su Yi Tuwon Ƙasa

Kamar yadda aka saba kowace shekara, makarantu sun rufe a ƙarshen watan Yuli, ba kuma za a koma ba sai cikin Satumba. Mako shida ko bakwai ke nan yara suna gida, ga damina ta yi tsakiya. Abin da muke so kowane uba da kowace uwa su tambayi kansu shi ne, yaya za a yi da waɗannan makonni?

Abin da muke gani a unguwanninmu bai gamshe mu ba. Tun ba a cika mako da yin hutu ba, sai ka ga yaro ɗan shekara biyar ya saɓa jaka da sassafe, wai za shi lesin hutu. In ya dawo kuma, a miƙa masa waya don ya bar uwarsa ta yi girki. Ba mu ce karatu laifi ba ne, mun kuma san gajiyar iyaye mata. Amma a shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban talabijin ko waya, daga shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini. Gida nawa ne a cikinmu ke kiyaye wannan?

Idan ba mu manta ba, mu da muke iyaye yau, da laka muka gina shanu, da karan dawa muka haɗa mota, 'yan mata kuma suka dafa tuwon ƙasa da miyar ganye a gwangwanin tumatir. Yaron da ya kifa turmi ya ce motar haya ce, ya naɗa ƙanensa kwandasta, tunani yake koya. Yana koyon shirya magana, da raba aiki, da sasantawa in an yi faɗa. Haka ma tatsuniya. Wanda aka ba labarin Gizo da Ƙoƙi, shi zai zana Gizo a zuciyarsa, amma mai kallon katun an riga an zana masa komai. Saboda haka in yaro ya shigo da taɓo a riga, a rage faɗa. Sabulu zai wanke riga.

Sai batun madafa. Damina ce lokacin rama da yakuwa da tafasa da zogale, ga ɗanyar masara da sabuwar gyaɗa, a Filato da kudancin Kaduna kuma acca ta kusa shiga gida. Abin kunya ne a ce yaranmu sun san sunan kowace taliyar leda, amma ba su iya bambanta kuka da karkashi ba. A jawo su kusa. Ɗan shekara huɗu zai iya tsinke zogale, ɗan shekara bakwai zai iya ɓare gyaɗa ya wanke tumatir, mai shekara goma kuwa ya isa a nuna masa yadda ake gwate da ɗanwake, babba yana tsaye a kansa saboda wuta. Mun ce "ya" da gangan, gama yaran maza ma ciki gare su. Maigida kuma ya daure ya zauna a ci tare, ko da sau ɗaya a yini. Mu tuna, a Bisharar Yohanna sura 6, guzurin wani ƙaramin yaro ne Ubangijinmu ya karɓa ya ciyar da taro.

Game da tafiya, mun sani tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin iyalai da yawa, wasu hanyoyin kuma babu tsaro. Duk da haka, inda hanya ke da lafiya, a kai yara wurin kakanninsu. A can za su ga yadda ake noma, su ji harshen iyayensu, wanda da yawansu ba sa iya ko gaisuwa da shi. Tsohuwa ba za ta jira sai mun yi kuɗi ba. Wanda bai iya zuwa ƙauye ba, ya duba kusa da shi. Mutanen Jos suna da gidan tarihi da aka buɗe a 1952, inda aka ajiye sassaƙe-sassaƙen yumɓu na Nok. Na Kafanchan suna da ruwan Matsirga. Na Zariya suna da dutsen Kufena, da tsohuwar majami'ar Wusasa wadda aka gina da ƙasa kusan shekara ɗari da suka wuce. In Zumuntar Mata da malaman Makarantar Lahadi suka haɗa hannu aka ɗauki bas ɗaya, kowa ya zo da kular abincinsa, kuɗin ba zai yi nauyi ba.

Sai dai a yi hattara. Kada a yi tafiyar dare. Kada a bar yara su je rafi ko kududdufi su kaɗai, gama ruwan Agusta ba shi da sabo. A kwana cikin gidan sauro, in kuma ma'aikatan lafiya sun zo da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba 'yan wata 3 zuwa wata 59 kowane wata a damina, a karɓa a kuma cika shan sa. Muna kuma gargaɗi da babbar murya a kan tura ƙananan 'yan mata birni da sunan hutu, alhali aikatau za su yi a gidan dangi. Wannan ba zumunci ba ne.

A ƙarshe muna kira ga fastoci da dattawan ikilisiya da kada su cika kowane maraice na hutun nan da taro da kwamiti, har iyaye su rasa lokacin zama da 'ya'yansu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke kawo maka tuwon ƙasa yau yana cewa, "Baba, ci," nan da shekara goma ba zai kawo ba. A karɓa, a yi kamar an ci, a ce ya yi daɗi. Allah ya raya mana su, amin.