Ra'ayinmu: A nema wa hannun da ya ƙage magani tun da wuri

A Gesheme, cikin gundumar Tibiri ta jihar Dosso, hannu ne jarin talaka. Da shi ake riƙe hauya a gonar hatsi, da shi ake jan guga da ɗaga taɓarya. In shanyewar ɓarin jiki ta kama magidanci ya tashi da hannu manne da ƙirji, gwiwar hannu a lanƙwashe, yatsu a dunƙule, to gidan ne gaba ɗaya ya shiga wani hali.

Sau da yawa sai a ce iska ce, a yi ta kashe kuɗi a kan turare da rubutu har shekara ta zagayo. Alhali ciwon daga ƙwaƙwalwa yake. In hawan jini ya fasa hanyar jini, ko ta toshe, ko mutum ya bugu a kai a haɗarin babur, ƙwaƙwalwa takan kasa sassauta tsoka, sai ta yi ta ɗaurewa. In an bar hannun haka, tsokar takan gajarce, farce ya nutse cikin tafi, hammata ta yi gyambo saboda ba a iya wanke ta.

Matakin farko shi ne motsa gaɓoɓi kullum a hannun ƙwararre, da ɗaura abin da zai miƙar da yatsu. Akwai allurar Botox mai sassauta tsoka, amma tana da tsada, kuma ƙarfinta kan ƙare bayan kamar wata 3. In waɗannan sun gaza, akwai tiyata. Likita na iya tsawaita jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, ko ya sauya mata mazauni, ko ya rage rassan jijiyar da ke kai wa tsokar saƙo, ko ya daidaita wuyan hannu ya kafe shi. Ba a gaggawar yin ta, sai an ga inda sauƙin ya tsaya. Kuma kada a ruɗi kowa: ba kowane hannu ke komawa riƙon hauya ba. Amma wanda zafi ya bari, ya iya buɗe tafi ya yi alwala ya sa riga da kansa, ya samu babban rabo.

Matsalar ita ce nisa. Irin wannan aiki sai manyan asibitocin Yamai. Rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati da aka yi a 2024 abin yabo ne, sai dai bai biya wa mutumin Gesheme kuɗin mota da masauki ba.

Muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya ta tanadi masu motsa gaɓoɓi a asibitin Dogondutsi da na Tibiri, ta koya wa ma'aikatan ƙananan gidajen likita gane wannan ƙagewa da wuri, ta kuma riƙa turo likitocin tiyata Dosso lokaci zuwa lokaci su tantance marasa lafiya.

Ku kuma 'yan Arewa da ke Yamai, Kwatano, Abidjan ko Turai: in za ku aika kuɗi gida, ku ware na awon jinin Baba da Inna. In ciwon ya riga ya zo, ku matsa a kai su likita a makon farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.