Sauri Ya Haifi Nawa a Wayar Na'urar Awon Lantarki

A tashoshin rarraba wutar lantarki da masana'antu da ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i, akan kafa wata 'yar na'ura mai auna ƙarfin wuta dare da rana, tana taskace awon a cikinta. Ita ce mai ba da shaidar lokacin da wuta ta faɗi ƙasa da volt 230 da aka ƙayyade a Nijeriya, da lokacin da ta yi tsalle ta ƙona kayan aiki. To amma shaidar ba ta da amfani sai ta bi waya ta isa kwamfuta lafiya lau. A nan ne mai haɗa na'urorin yakan zaɓi saurin da za su yi magana da shi. Ra'ayina shi ne ya zaɓi mafi ƙarancin saurin da zai biya bukatar aikin, kada ya ƙara sai lissafi ya tilasta masa.

Ma'aunin wannan sauri shi ne "bod", wanda aka ciro daga sunan Emil Bodo, injiniyan wayar tangaraho ɗan ƙasar Faransa. A irin wannan waya, bod 9600 na nufin ɗigon saƙo 9600 a sakan guda, kowane ɗigo kuwa ko sifili ne ko ɗaya. A tsarin da aka fi amfani da shi, harafi guda yana cin ɗigo goma: ɗaya na sallama, takwas na saƙo, ɗaya na rufewa. Ke nan bod 9600 yana isar da haruffa 960 a sakan. Matakan da aka saba sun haɗa da 1200, 2400, 9600, 19200 har zuwa 115200, kuma wajibi ne na'ura da kwamfuta su tsaya a kan mataki ɗaya, in ba haka ba sai shirme ya cika allo.

Me zai hana a ɗauki mafi sauri? Dalili na farko shi ne agogo. Mai aikawa da mai karɓa kowa da agogonsa, kuma mai karɓa yakan leƙa tsakiyar kowane ɗigo bisa ƙidayar nasa agogon. Idan saɓaninsu ya kai wajen kashi 5 cikin 100, kafin a kai ƙarshen harafi ya fara leƙen gurbin da ba shi ba. A wasu ƙananan na'urori masu agogon da ke bugawa sau miliyan 16 a sakan, kuskuren bod 9600 kashi 0.2 ne kacal, amma na bod 115200 ya haura kashi 2. Kusan rabin rangwamen ya tafi tun ba a jona waya ba.

Dalili na biyu shi ne ita wayar. In aka raba sakan gida miliyan, ɗigo guda a bod 9600 yana cin kimanin gida 104, a bod 115200 kuwa bai kai 9 ba. Doguwar waya tana dusashe gefen ɗigo, sannan taransifoma da janareto da manyan injina suna watsa mata hayaniyar lantarki. Gajeren ɗigo shi ya fi saurin ɓacewa a cikin wannan hayaniya, ga shi kuwa na'urar awo a kusa da waɗannan injina take zaune. Tsarin RS-232 na 1960 an yi shi ne domin waya mai tsawon kimanin mita 15. Tsarin RS-485 na 1983 yana kai mita 1200, amma sai an rage sauri.

Idan ɗigo ya lalace, ɗayan biyu ne. A ƙa'idar Modbus ta 1979, wadda mitoci da yawa ke bi, kowane saƙo yana ɗauke da lambar tantancewa. In ba ta dace ba sai a yar da saƙon a sake tambaya, saurin da aka yi kwaɗayi ya ƙare a maimaici. Inda babu tantancewa kuwa abin ya fi muni, domin juyewar ɗigo ɗaya tak ta isa ta mai da 230 ta zama 238, kuma babu alamar da za ta tona ƙaryar.

Masu son sauri suna da hujja. Kwashe haruffa miliyan guda da na'ura ta tara yana cin minti 17 a bod 9600, alhali a bod 115200 minti ɗaya da rabi ya isa. Na yarda da wannan in wayar gajera ce, kwamfuta na kusa, kuma akwai tantancewa. Sai dai aikin yau da kullum bai kai haka ba. Na'urar da ke aiko haruffa 100 kowane minti tana gamawa cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan a bod 9600, sauran lokacin waya na zaune. Su kansu masu tsara ƙa'idar IEC 62056-21 ta karanta mitocin lantarki sun ɗora tattaunawa a kan bod 300 da farko, sai ɓangarorin biyu sun amince sannan a ƙara.

Saboda haka, ɗalibin da zai haɗa irin wannan na'ura ya fara da takarda da alƙalami: haruffa nawa, sau nawa a minti, mita nawa na waya. Ya gwada a ainihin wurin aikin, injina na kunne, ya ƙidaya saƙonnin da suka lalace cikin awa guda. In ya ga ɓarna, ya sauko mataki ɗaya ya sake gwadawa. Daga nan ya rubuta saurin da ya zaɓa a jikin na'urar domin wanda zai zo bayansa.